Sunan Kaftin a Bakin Rut

Laraba, 13 ga Maris 1985, da hantsi

Rut ta iso jiya da la'asar a bayan kamiyo, babbar motar dakon kanwa. Akwati ɗaya, da takalmi mai tsini a hannu, don rairayin ƙauyenmu, Gidan Amumune, ba ya ɗaukar irinsa. Ban tashi ba. Ina zaune ina ɓare 'ya'yan anza, abincin yunwa, na yi mata sannu da hanya kamar yadda zan yi wa mai tallar itace. Ta durƙusa gaban surukina Baba Bulus ta daɗe, shi kuwa yana kallon ƙasa.

Ƙanwar mijina ce, uwa ɗaya uba ɗaya. A da in ta zo daga Yamai ni ke fara rugawa in karɓi jakarta, ina tsokanarta da matar Nasara. Jiya 'yata Altine ce ta karɓa.

Wata na uku ke nan da masu kaki suka ɗauki mijina Elisha a Tasawa. Ba labari.

Alhamis, 14 ga Maris, da rana

Ba labari. Wannan kayen, littafin rubutun nan, na karatun manya ne da nake koyarwa a coci. Ɗalibaina sun watse neman abinci, shi ya sa nake ɓata shi da surutuna.

Asabar, 16 ga Maris, da safe

Anza sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana sake ruwa kafin ɗacin ya ragu, ga rijiya ta yi ƙasa. Rut ba ta manta aikin ba, wannan dai zan faɗa. Ta ɗaura zanena ta zauna bakin tukunya ba tare da na sa ta ba. Da muka zauna ci na ga tana tura rabonta gaban Yunana, ɗan autana, wanda ya fara tafiya bara ya kuma daina. Na yi kamar ban gani ba.

Maƙwabciyarmu Zara'u ta leƙo ta kan darni. Mijinta Mumuni ya tafi cin rani ƙetare tun farkon bara, an rufe iyaka yana can.

"Wagga ce mai waƙar radiyo? Ni na zaci wata gabjejiya ce, yadda muryar ke cika ɗaki. Ɗan yi mana kaɗan mana."

"Maƙogwaro ya bushe, Yaya Zara'u," in ji Rut.

"To wa ke da jiƙaƙƙe bana?"

Ba ta yi ba. Tun da ta zo ko gunguni ban ji ta yi ba, ita da ko tsintsiya ba ta ɗauka sai da waƙa.

Lahadi, 17 ga Maris, bayan sujada

Coci rabi. Wasu suna Maraɗi, wasu ba a san inda suke ba. Rut ta wuce kai tsaye bencin baya, inda masu horo ke zama. Dattawa sun sa ta can tun shekarar da aka ji tana waƙa a otal, ba a kuma ɗage ba. Mahaifinta ne ya karanta hukuncin da bakinsa.

A cocin nan ta fara. Tana ƙarama take buga tulu a zumuntar mata, in ta ɗaga murya tsofaffi su manta baiti. Daga nan ta tafi aikin gida wajen wata nas ta mishan a Maraɗi, mai garmaho da faya-fayan baƙaƙen matan Amirka. Rut tana guga tana haddacewa, ba ta san ma'anar rabin kalmomin ba. Jaz da sol, haka ake kiran abin. Wani mai orkes, ƙungiyar makaɗan zamani, ya ji ta ta taga, shi ke nan. Yamai, Abijan, Ikko, har faifai aka buga mata a Kwatano.

Sau ɗaya na gan ta a kan dandamali, da Elisha ya kai ni Yamai. Ba ta shiga waƙa inda kowa zai shiga. Sai ganga ta wuce, ka ce ta makara, sannan ta biyo a hankali kamar mai dawowa daga rijiya. Ba ta yin waƙa iri ɗaya sau biyu. Wani attajiri ya taso zai liƙa mata kuɗi a goshi, ta ja baya tana murmushi har ya koma ya zauna. Tana alfahari da cewa ita ba maroƙiya ba ce, ba ta taɓa kama sunan mai kuɗi ko mai mulki ba. Sunayen da take kira su ne na makaɗanta, ɗaya bayan ɗaya a ƙarshen wasa, kowa ya ɗan nuna gwanintarsa a tafa masa. Ta ce haka ake yi a jaz, rashin yi cin amana ne.

A ranar abin ya burge ni.

Talata, 19 ga Maris, da hantsi

Yau Rut ta faɗa. Muna sake ruwan anza, ba ta ɗago kai ba.

"Yaya Marta, ni ce na kira shi."

"Na sani. Kowa ya sani."

Amma ta ci gaba, ni kuma na bar ta. Elisha mushe ne a lakkwal, wato malamin makaranta, a Mayahi. Ya yi wata magana a taron malamai kan hatsin agaji, ban san takamaimai ba, bai gaya mini ba. Wani ya raɗa masa ya ɓace. Rut ce ta kawo dabara, tun da ya iya busa ƙaho tun yana cikin matasan coci. Ya tara gemu, ya sa baƙin tabarau, ya zama Manzo a cikin orkes. Wa zai nemi malami a bayan mawaƙiyar otal? Watanni abin ya tafi daidai.

Ranar sabuwar shekara suna wasan yamma a Tasawa. Ta ce ranar ya busa kamar bai taɓa busawa ba, mutane suka miƙe tsaye. Da aka zo ƙarshe ta kira mai gita, ta kira Ƙadri mai ganga, ta juya wajensa, daɗi ya cika ta.

"Na ce, a kan ƙaho, yayana Elisha Bulus. Da mikro a bakina. Sai da na ga ya sauke ƙahon na ji abin da na ce."

Ta jira in yi magana. Na ɗauki tukunyar na kai ta inuwa. Ina jin haushinta har cikin haƙorana, kuma na san ba da gangan ta yi ba, wannan sanin bai rage mini komai ba.

Alhamis, 21 ga Maris, da la'asar

Ba labari. An binne jaririn gidan Mai Nasara.

Litinin, 25 ga Maris, da yamma

Ranar Juma'a wata mota ta zo da saƙo, Kaftin yana neman Rut a Mayahi. Shi ne sojan da aka turo kan rabon agaji a yankinmu. Na ce ƙafata ƙafarta. Muka bi amalanken masu zuwa kasuwa. Kasuwar ma abin tausayi, shanu ƙashi da fata, ba mai tayawa.

Na zaci zan ga dodo. Saurayi ne mai fara'a, ya miƙe ya ba mu kujera, ya sa aka kawo ruwan sanyi. Yana da faifanta. Ya ce yana ɗalibi yake zuwa kallonta a Yamai, har ya rera wani yanki, bai kuma yi kuskure ba.

"Bon. Ran sha biyar ga Afrilu akwai fet, babban biki, manya za su zo, radiyo za ta ɗauka. Ina son waƙa a kan agaji, irin taki, da jaz ɗinki duka. Amma kin san mutanenmu. In ba su ji suna ba, ba su san wa ya yi aikin ba."

"Sunan wa, ranka ya daɗe?"

Ya yi dariya ya nuna ƙirjinsa.

Ni ce na buɗe baki, na ce ni matar Elisha Bulus ce, tun Janairu ba mu san inda yake ba, yana da ɗiya biyu da tsohon uba. Ya juya biro a hannunsa.

"On verra, Madam. Bari fet ta wuce, za mu duba."

A hanya ta ce ba za ta iya ba. Ta ce ba ta taɓa yi ba, in ta yi sau ɗaya ta gama, ba za ta sake tsayawa gaban mikro a matsayin Rut ba. Ta ce kuma bai ce zai sake shi ba.

Na ce, "Sunan yayanki kin iya kamawa. Na Kaftin ne ya yi miki nauyi?"

Mai amalanke ya juyo ya dube ni.

Talata, 26 ga Maris, da safe

Ban yi nadamar maganar ba. Na rubuta nan don in na yi daga baya in san yau ban yi ba.

Laraba, 27 ga Maris, da rana

Ta yarda. Gaban Baba ta je ta faɗa, ba gabana ba.

Baba ya dube ta. Sannan ya ce, "Baki guda, Ruti. Ya yabi Ubangiji, ya tahi otal, yanzu kuma soja." Na jira ya hana. Bai hana ba. Ya ɗauki sandarsa ya tafi duba rumbun da ya san ba komai ciki.

Juma'a, 29 ga Maris, da hantsi

Muryar ba ta nan. Ta je bayan gari wajen busassun kalgo ta gwada, na bi ta daga nesa. Tana hawa sama sai ta tsage kamar tsohon zane. Anza ta kankare mata maƙogwaro, ga yunwa, numfashinta ba ya kai ƙarshen layi.

Na yanke shawara. Kazarmu ɗaya da ta rage, in ta yi ƙwai na Rut ne. Zara'u ta haƙa gidan tururuwa ta sami ɗan gero, ta kawo a gefen zane, na dama kunu na kai mata ɗaki. Ta ce a ba Yunana. Na tsaya a kanta sai da ta shanye. Yaron yana bakin ƙofa yana kallon ƙwaryar, bai yi kuka ba, na fi son ya yi.

Altine ta tambaye ni ko gwaggo ba ta da lafiya ne. Na ce gwaggo za ta sayo mana babanku.

Litinin, 1 ga Afrilu, da yamma

Masu kaki sun tattaro 'yan orkes ɗinta a Mayahi don gwaji. Na bi ta, don Ƙadri yana cikinsu, shi ma an kama shi tare da Elisha aka sake shi bayan 'yan makonni. Ya rame. Yatsunsa biyu na hagu sun karkace, ya ɗaure sandar ganga a hannun da tsumma.

Na tare shi a gindin itacen bedi. Ya gaishe ni yana kallon takalmina.

"An raba mu tun da wuri, Madam. Ban san komi ba."

"Ko da aka raba ku shina lahiya?"

"Ana kirana ciki," ya ce. Ba wanda ya kira shi.

Wani soja suka kawo ya busa ƙaho. Da aka zo wajen da ƙahon zai shiga, Rut ta juya masa baya ta kalli bango har ya gama.

Laraba, 3 ga Afrilu, da la'asar

Yau na yi dariya, karo na farko tun Janairu, kuma ban ji daɗinta ba.

Rut ba ta iya roƙo ba. Ta tsara waƙar, ta sa sunan Kaftin a ciki, amma tana faɗarsa kamar mai kiran ɗalibi a aji. Zara'u tana jin ta ta darni har ta gaji ta tsallako. Ƙanwar uwarta zabiya ce, ta tashi tana bin ta gidajen biki.

"Ke, ba haka a kai ba. Suna ba a jefa shi. Ki ja shi, ki ɗaga hannu, ki nemo uwa tai da uba nai da garinsu. Ki ce shi ya ciyar da marayu. In ya dube ki, ki kai gwiwa ƙasa, amma kar muryar ta bi ki."

"In bai ciyar da su ba hwa?"

"To da ya ciyar, mi za shi yi da ke?"

Haka suka wuni. Matar da ta yi waƙa a Abijan tana durƙusa wa turmi a tsakar gida, Zara'u tana gyara mata hannu. Kafin la'asar ta iya. Ta ɗauki kirarin ta ɗora a kan tafiyar nan tata mai makara, sunan ya fito da zaƙi har tsigar jikina ta tashi. Da ta gama ta shiga bayan ɗaki ta yi amai.

Juma'a, 5 ga Afrilu, da rana

Juma'a mai kyau. Baba ya yi wa'azi a zaune. Ba labari.

Lahadi, 7 ga Afrilu, bayan sujada

Ista. Ba wanda ya yanka komai. Mun rera waƙar tashin matattu, muryoyin kamar na marasa lafiya. Daga bencin baya na ji wata murya ta shigo a hankali ta tallabe mu duka. Ba wanda ya juya. Masu horo ba sa waƙa, amma ba dattijon da ya ce uffan.

Muryar ta dawo. Na gode wa Allah, kuma na san ba don Ista nake godiyar ba.

Alhamis, 11 ga Afrilu, da hantsi

Yunana yana zawo. Ƙwai har yanzu na Rut ne.

Litinin, 15 ga Afrilu, da yamma

An yi.

Tun safe aka tara mutanen ƙauyuka a fili, an ce bayan jawabi za a yi rabo. Mata da ƙwarya a cinya, cikin rana, ba ruwa. Manya suna ƙarƙashin rumfa. Buhunan jar dawa an jera su a bayan dandamali inda kowa zai gani.

Ta fito cikin doguwar rigarta mai ƙyalli, wadda ta yi mata yawa yanzu, na kama mata da allura ta baya. Ƙadri ya fara, ta bar shi ya wuce, ta biyo. Ta fara da ƙasa da ta bushe, da rijiyoyi, da dabbobi a kwance bakin hanya. Filin ya yi tsit, har jarirai. Wata tsohuwa kusa da ni tana hawaye ba ta sharewa. Sannan ta juya wajen rumfa ta ɗaga hannu.

Ta kama sunan. Ta ja shi yadda Zara'u ta koya mata, ta kira uwarsa da ubansa da garinsu. Ta ce shi ne uban marayu. Ya taso yana murmushi, ta kai gwiwa ƙasa, ya liƙa mata takardar kuɗi a goshi, gumi ya riƙe ta. Ba ta ja baya ba. Manya suka tafa. Mutanen fili ma sun tafa, don masu kaki suna zagayawa.

Abin da ya fi ci mini rai, waƙar ta yi daɗi. Ban taɓa jin ta yi irinta ba.

A ƙarshe ba ta kira sunan makaɗi ko ɗaya ba. Ta ajiye mikro ta sauka.

Talata, 16 ga Afrilu, da safe

Na share ɗaki. Na wanke rigar Elisha da ruwan da ya kamata mu sha.

Laraba, 17 ga Afrilu, da la'asar

Kamiyo ya shigo gari ya tsaya ƙofar gidanmu. Na fita ba ɗankwali. Baba ya jefar da sandarsa. Altine ta riga kowa.

Buhu suka sauke. Jar dawa, cikakke, da gwangwanin mai. Na leƙa bayan motar har sau biyu. Na tambayi mai tuƙi ina Elisha, ya ce wane Elisha, shi buhu aka ba shi.

Akwai saƙo. Manya sun ji daɗi ƙwarai. Za a zaga da rabo ƙauye ƙauye, El Alasan Mairairai da sauran, Rut za ta riƙa bi tana waƙa kafin a buɗe buhuna. Kowace fita, buhu. Maganar Elisha kuwa, Kaftin yana dubawa.

Mun dafa. Yara sun ci har suka yi barci da tuwo a hannu. Na auna wa Zara'u, na auna wa gwaurayen coci. Baba ya ce shi ba ya jin yunwa, da na dawo na tarar ya cinye.

Juma'a, 19 ga Afrilu, da hantsi

Radiyon Zara'u tana sa waƙar kowace safiya kafin labarai. Yaran unguwa sun haddace. Altine tana jan sunan Kaftin tana ɗaga hannu, na kai mata duka, sannan na rungume ta.

Ina tunanin inda Elisha yake, masu gadi suna da radiyo. Ko ya ji. Ko zai gane don shi ne.

Litinin, 22 ga Afrilu, da yamma

Rut ta dawo daga fita ta biyu da buhu. Ta ce ta durƙusa wa Kaftin ta tuna masa, ya ce takardu suna tafiya, ta ƙara haƙuri. Fuskarta ta ɗan saki. Ta ce, "Yaya, ina jin bayan wagga ko ta gaba." Ta daina ce wa abin waƙa, aiki take cewa.

Yunana ya kama turmi ya miƙe. Ya yi taku har bakin ƙofa.

Alhamis, 25 ga Afrilu, da rana

Na je daji ciro ganyen jiga da safe. Ƙadri ya same ni a can. Daga Mayahi ya tako da ƙafa, bai shiga gari ba.

Ya zauna a ƙasa nesa da ni. Ya ce ya kasa barci tun ranar fet. Ya ce ba a raba su ba. Ɗaki ɗaya suke. Ya gaya mini abin da aka riƙa yi, ba zan rubuta ba. Ya ce mako na biyu, da safe, Elisha ya cika, kansa a cinyar Ƙadri. Ya ce a tabarma suka fitar da shi. Tun Janairu.

Na tambaye shi Kaftin ya sani. Ya ce Kaftin yana tsaye lokacin da aka fitar.

Na tambaye shi ina aka kai shi. Ya ce bai sani ba.

"Sun ce in na buɗa baki zan koma, da ni da ƙanena. Ki yahe mani, Madam. Na buga ganga ranar nan ina sane."

Ban yi kuka a gabansa ba. Na ce ya gaya wa Rut? Ya ce a'a, ba zai iya ba, shi ya sa ya zo wajena, ni ce babba. Ya tashi ya koma ta hanyar da ya zo.

Na cika kwandon kafin in koma, don kada a tambaye ni.

Juma'a, 26 ga Afrilu, da safe

Na koma ciro jiga. Muna da dawa, Zara'u ta ce me zan yi da jiga. A daji ba mai jin mutum.

Asabar, 27 ga Afrilu, da la'asar

Na san Rut. Ranar da ta ji, ranar za ta rufe baki. Ba za ta sake hawa kamiyon nan ba ko za a yanka ta, kuma mai yiwuwa ta faɗa wa Kaftin abin da zai sa a yanka ta ɗin. Ƙadri zai koma ɗakin nan. Buhu zai tsaya.

Damina da saura. Ko ruwa ya sauka da wuri, sai an shuka, sai an jira. Gida nawa ke ci daga buhun nan yanzu, na ƙi ƙirgawa. Na dubi ƙafafun Yunana da suka fara cika.

Na je har ƙofar ɗakinta. Tana ciki tana ɗinke hammatar rigar nan mai ƙyalli, tana gwada wani sabon kirari a hankali. Na tambaye ta ko tana da sauran zare.

Lahadi, 28 ga Afrilu, bayan sujada

Baba ya sa aka yi addu'a ta musamman Allah ya dawo da Elisha lafiya. Kowa ya tsaya. Ya ce matar Elisha ta rufe mana da addu'a.

Na yi. Na ce Ubangiji ka san inda yake, ka riƙe shi. Suka ce amin.

Litinin, 29 ga Afrilu, da hantsi

Kamiyo ya zo da wuri, kitsonta bai ƙare ba. Mai tuƙi ya ce zai jira. Tana zaune tsakanin ƙafafuna, kanta a cinyata, ina ji tana shan numfashi irin na kafin waƙa.

"Yaya Marta."

"Na'am."

"Kin daina jin haushina. Na lura, kwana biyun nan."

Na ci gaba da kitso.

"In ya hito, kar ki bari ya ji waƙar. Ki gaya mishi ni na so, ba ke kika sa ni ba." Ta ɗago kai. "Kina ganin bayan wagga za su sake shi?"

Na ce ta riƙe kanta daidai, layin yana karkacewa.

Na gama na ɗaura mata ɗankwali. Na ba ta kunu a gora, na ce ta sha kafin ta hau, kada ta yi waƙa da cikin wofi. Ta rungume ni, abin da ba ta yi ba tun da ta zo. Altine ta riƙe mata takalmi har bakin mota.

Sun tafi. Na shigo na ɗora tukunya.